SHARHI: Kullen Faifan Bidiyo da Haƙƙin Wanda Ya Biya Kuɗinsa

A cikin watan Maris na shekarar 2025, sashen kamfanin Warner Bros. na Amurka mai kula da sayar da fina-finan kallon gida ya fito fili ya amsa cewa waɗansu daga cikin faya-fayan DVD da aka buga masa tsakanin shekarar 2006 da ta 2008 sun soma lalacewa a hannun waɗanda suka saye su, ba tare da sun faɗi ƙasa ko sun karce ba. Faifai yana zaune cikin kwalinsa shekara da shekaru, sai ranar da aka sa shi a na'ura ya tsaya cak a tsakiyar fim, ko kuma ya ƙi tashi sam. Kamfanin ya ce yana musanya wa mutane faya-fayan da suka lalace, amma ya ƙara da cewa waɗansu fina-finan an daina buga su, waɗansu kuma izinin da yake da shi a kansu ya ƙare, don haka sai dai a ba mai faifan wani fim dabam mai daraja irin ta nasa.

Da a ce masu waɗannan faya-fayan sun yi kwafin ajiya tun suna da lafiya, da asarar ba ta kai haka ba. To amma a Amurka wanda ya yi hakan ya taka doka, domin faifan a kulle yake, buɗe kullen kuwa haramun ne a wurin doka, ko da mai buɗewar shi ne ya sayi faifan da guminsa, ko da kuma ba shi da niyyar nuna wa kowa kwafin ban da iyalinsa.

Wannan lamari ya sake ta da muhawarar da aka shafe kusan shekara 30 ana yi, kuma ta shafi Nijeriya kai tsaye, tun da yake sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar, wadda aka sa wa hannu a shekarar 2023, ta shigo da batun kulle cikin dokokin ƙasa. Abin da tarihin waɗannan shekaru ya nuna shi ne, hana mai saye yin kwafi ɗaya na ajiya bai taɓa tsare mai fasaha daga ɓarawo ba. Abin da ya yi kawai shi ne rage darajar hajar asali a idon mai saye, kuma wannan asara ce da ke komawa kan ɗan kasuwar da ke sayar da kayan gaskiya.

Ya kamata a fara da sanin yadda kullen yake. Lokacin da faifan DVD ya shiga kasuwa a Japan a ƙarshen shekarar 1996, sannan a Amurka a watan Maris na 1997, manyan kamfanonin fina-finai na Hollywood sun ƙi amincewa su zuba hajarsu a kansa sai an tanadar masu da kariya. Tsoronsu yana da dalili. Kaset ɗin bidiyo in an kwafe shi hoton yana dusashewa, in aka sake kwafe kwafin sai ya ƙara muni, har ya kai ga ba ya kalluwa. Shi kuwa faifai lambobi ne ke cikinsa, kwafi na dubu daidai yake da na farko. Saboda haka kamfanonin Matsushita da Toshiba suka ƙirƙiro tsarin da aka sani da suna CSS, wanda ke hargitsa abin da ke cikin faifan ta yadda ba na'urar da za ta iya karanta shi sai wadda ke ɗauke da mabuɗi. Mabuɗin kuwa ba a ba kowa sai kamfanin da ya karɓi lasisi, ya kuma sa hannu cewa na'urarsa ba za ta yarda a yi kwafi ba.

Bayan wannan kulle aka ƙara wani, wato raba duniya shiyya-shiyya. Amurka da Kanada su ne shiyya ta 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya shiyya ta 2, Sin shiyya ta 6, Nijeriya da galibin ƙasashen Afirka kuma aka haɗa su da Indiya da Rasha a shiyya ta 5. Ma'anar wannan ita ce, ɗan kasuwar da ya je Landan ko Dubai ya sayo faifan asali da kuɗi mai tsada zai iya dawowa Legas ko Abuja ya tarar na'urarsa ta ƙi karɓarsa. Wannan tsari ba shi da wata alaƙa da hana sata. An yi shi ne domin kamfanoni su iya tsara lokacin fitar da fim da farashinsa a kowace kasuwa yadda suke so.

Tsoron na'urar kwafi ya girmi faifai. A shekarar 1976 kamfanonin Universal da Disney sun kai kamfanin Sony ƙara a kan na'urar Betamax, wadda ke ba mutum damar naɗar shirin talabijin ya kalla daga baya. A shekarar 1982 shugaban ƙungiyar kamfanonin fina-finan Amurka na lokacin, Jack Valenti, ya tsaya gaban 'yan majalisa ya kwatanta na'urar bidiyo da wani shahararren mai kisan kai na birnin Boston, don nuna irin halakar da yake ganin za ta jawo wa sana'arsu. A watan Janairu na 1984 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta yanke hukuncin cewa naɗar shiri a gida domin kallo daga baya ba laifi ba ne, kuma ba za a kama mai ƙera na'ura da laifi ba matuƙar na'urar tana da amfani mai yawa na halal. Kafin shekarun 1980 su ƙare, kuɗin da kamfanonin ke samu daga sayarwa da hayar kaset ya zarce wanda suke samu daga gidajen silima. Na'urar da suka nemi a haramta ita ce ta zame masu babbar hanyar arziki.

Duk da haka, da zamanin faifai ya zo sai kamfanonin suka sake salo. Maimakon su nemi a haramta kwafi, wanda kotu ta riga ta halatta wani ɓangare nasa, sai suka nemi a haramta taɓa kullen. A watan Disamba na 1996 aka ƙulla yarjejeniya a Janiba a ƙarƙashin Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya, wadda ta wajabta wa ƙasashe su ba irin waɗannan kulle-kulle kariyar doka. A shekarar 1998 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ake kira DMCA, wadda ta hana buɗe kulle, ta kuma hana ƙera ko sayar da duk wani abin da ake buɗe shi da shi. Wanda ya yi hakan da gangan don neman riba zai iya fuskantar tarar da ta kai dala 500,000 ko ɗaurin shekara 5 a karon farko. Ta haka haƙƙin mai saye ya zauna a rubuce, amma hanyar kai wa gare shi ta toshe.

Kullen kansa bai yi ƙarko ba. A watan Oktoba na 1999, shekara uku kacal da fitowarsa, wani yaro ɗan ƙasar Norway mai shekara 15, Jon Lech Johansen, tare da waɗansu mutum biyu da ba su bayyana sunayensu ba, suka saki wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna DeCSS da ke buɗe shi. 'Yan sanda sun shiga gidansu a watan Janairu na 2000, aka gurfanar da shi, amma kotu a birnin Oslo ta wanke shi a watan Janairu na 2003, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hakan a watan Disamba na wannan shekarar, bisa hujjar cewa ba laifi ba ne mutum ya buɗe faifan da ya saya don ya kalli abin da ke ciki. A Amurka kuwa, kotu a birnin New York ta hana wata mujallar masana kwamfuta mai suna 2600 wallafa manhajar, har ma da nuna wa masu karatu inda za su same ta. Hanin bai hana ta yaɗuwa ba. Da faifan Blu-ray ya fito a 2006 da sabon kulle mai ƙarfi, ba a yi shekara guda ba mabuɗinsa ya bazu a intanet.

Waɗanda dokar ta fi kamawa su ne kamfanonin da suka fito fili, da suna da adireshi, suna son yin ciniki a kan ka'ida. Kamfanin 321 Studios na jihar Missouri ya riƙa sayar da manhajar yin kwafin ajiya a manyan kantuna, har kotu a San Francisco ta hana shi a watan Fabrairu na 2004, kafin shekarar ta ƙare ya rufe. Kamfanin RealNetworks ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan tarko a shekarar 2008 da manhajarsa mai suna RealDVD, wadda ake sayarwa kimanin dala 30. Ita wannan ba ta cire kullen daga kwafin ba, ƙara masa wani ta yi, ta kuma taƙaita kallonsa ga kwamfutoci biyar na mai shi. Duk da haka kotu ta dakatar da ita, a shekarar 2010 kuma kamfanin ya janye, ya biya kamfanonin fina-finai dala miliyan 4.5. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke duba dokar duk bayan shekara uku, ya yarda malamai da masu sharhi su ciri gajerun ɓangarori na fim, amma a 2012 da 2015 ya ƙi amincewa da buƙatar a bar mai faifai ya mai da fim ɗinsa kan wata na'ura tasa.

Ƙasashen Turai sun bi wata hanya dabam. Tun a shekarar 1965 Jamus ta halatta kwafin gida, ta kuma ɗora wani ɗan haraji a kan na'urorin naɗa, wanda ake raba wa masu fasaha a matsayin diyya. Faransa ta bi sahu a 1985. Sai dai da kulle ya shigo, sai tsarin ya karkace. Wani mutum a Faransa ya sayi faifan fim ɗin Mulholland Drive, ya so ya mai da shi kan kaset don ya kalla a gidan iyayensa, kulle ya hana shi. Ƙungiyar kare masu sayen kaya ta UFC-Que Choisir ta tsaya masa, amma a watan Fabrairu na 2006 babbar kotun ƙasar ta goyi bayan kamfanoni. Sakamakon haka Bafaranshe yana biyan harajin kwafi a duk lokacin da ya sayi faifan da ba kome a kansa, alhali kuwa kulle ya hana shi yin kwafin da ya biya dominsa. Ita kuwa Birtaniya ta halatta kwafin kai a watan Oktoba na 2014 ba tare da tanadin diyya ba, ƙungiyoyin mawaƙa suka kai ƙara, kotu ta soke dokar a 2015, aka koma gidan jiya.

Adalci ne a saurari hujjar kamfanonin, domin ba ta banza ba ce. Suna cewa abin da mutum ya saya shi ne faifan da izinin kallonsa a gida, mallakar fim ɗin kuwa tana hannun wanda ya zuba jari ya shirya shi. Suna cewa wanda ya fasa tangaran ba ya komawa kanti a ba shi wani kyauta. Mafi ƙarfin hujjarsu ita ce, manhajar kwafi ba ta san bambanci tsakanin faifan da aka saya da wanda aka ɗauko haya ko aro ba, saboda haka in aka halatta ta, mutum zai yi hayar fim da kuɗi ƙalilan ya kwafe ya mayar. Duk wanda ya taɓa zuba dukiyarsa a fim ya ga kwafinsa na jabu a kan baro kafin nasa ya iso kasuwa, ya san wannan damuwa gaskiya ce.

Amma hujjar tana da rauni ta fuska uku. Na farko, manyan masu satar fasaha ba su taɓa dogara da irin manhajar da ake sayarwa a kanti ba. Masu injunan buga faifai suna iya kwafe shi ɗungurungum har da kullensa, kuma da yawa daga fina-finan jabu ana samo su ne tun kafin faifan asali ya fito, ko ta hanyar ɗaukar hoton allon silima a ɓoye, ko ta hannun wani na cikin gida. Na biyu, misalin tangaran bai dace ba, domin kuɗin robar faifai kaɗan ne ƙwarai a cikin farashinsa. Mafi yawan abin da mai saye ya biya kuɗin izinin kallo ne, in kuwa haka ne, bai kamata izinin ya mutu don roba ta karce ba. Ba zai yiwu a ce masa izini ya saya lokacin da ya nemi yin kwafi, sannan a ce masa roba ya saya lokacin da faifan ya lalace ba. Na uku, tsarin ya sa kayan jabu sun fi na asali sauƙin amfani. Faifan jabu ba shi da shiyya, ba ya tilasta wa mai kallo zama ya kalli gargaɗi da tallace-tallacen da ba a iya tsallakewa, kuma ana iya kwafe shi. Duk ɗan kasuwa ya san inda ciniki zai nufa in na jabu ya fi na gaske araha ya kuma fi shi biyan buƙata.

Abin da ya faru a kasuwar Nijeriya yana ƙara haske a kan wannan batu, domin a nan sana'ar fim ta tashi ne a kan kaset da faifai, ba a gidajen silima ba. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a shekarar 1990, Kenneth Nnebue kuma ya fitar da Living in Bondage a Legas a 1992, daga nan kasuwannin Idumota da Alaba a Legas, da titin Iweka a Onica, da Ƙofar Wambai a Kano suka zama cibiyoyin rarraba fina-finai. Faifan VCD da ya gaji kaset ba shi da kulle ko kaɗan. A Kano 'yan kasuwa sun ƙirƙiro nasu tsarin: mai shirya fim ya ba dillali kaset na asali, ya buga kwalaye ya sayar masa, dillali ya yi ta kwafi gwargwadon yawan kwalin da ya saya. Kwalin shi ne shaidar asali, shi ne kuma ribar mai fim. Tsarin ya dogara ne ga amana da sanin juna, ya kuma ɗauki sana'ar tsawon shekaru.

Babu mai musun cewa satar fasaha ta yi wa wannan sana'a mummunar illa. A shekarar 2015 Kunle Afolayan ya koka a bainar jama'a da ya ga kwafin jabu na fim ɗinsa October 1 ya cika titunan Legas. A Arewa kuwa, shagunan masu tura fina-finai a waya da katin ajiya sun karya kasuwar faifai, har masu shirya fim da dama suka koma tashoshin talabijin da YouTube. Amma a duk waɗannan ba magidancin da ya ajiye kwafin faifansa a durowa ne ya yi ɓarnar ba. Masu ɓarnar su ne waɗanda suka mai da kwafi sana'a, suna bugawa dubbai suna sayarwa, ko suna tura fim ɗaya ga mutum ɗari a wuni. Da ma an kulle faya-fayan, da ba abin da zai sauya, tun da kullen Hollywood da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa bai hana fina-finan Amurka da na Indiya cika kasuwar Alaba ba.

Akwai kuma wata asara da ba a cika lissafa ta ba. Kaset yana cin danshi da zafi, faifai kuma roba biyu ce aka manne, ƙura da zafin rana da hannun yara duk abokan gabarsa ne. Fina-finai da yawa na shekarun 1990 ba a iya samunsu a yau sai a hannun wani mai sha'awa da ya adana nasa ko ya mai da shi kan kwamfuta. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa na majigi a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a Legas, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ba kowane fim ne zai yi irin wannan sa'a ba. Sau da yawa kwafin da ke hannun talaka shi ne na ƙarshe da ya rage.

Wani zai ce zamanin faifai ya wuce, don haka maganar ba ta da sauran amfani. Gaskiya ne kasuwar ta ja baya ƙwarai. Cinikin DVD a Amurka, wanda ya haura dala miliyan dubu 16 a shekarar 2005, ya zube, har kamfanin Netflix ya rufe sashensa na aika faifai ta gidan waya a watan Satumba na 2023. Amma raguwar kasuwar ita ce ma ta ƙara wa batun nauyi, domin faifan da ya lalace a yau da wuya a sami madadinsa. Bugu da ƙari, kullen ya bi fim zuwa intanet, inda ya fi ƙarfi. A watan Disamba na 2023 kamfanin Sony ya sanar da masu na'urar PlayStation cewa zai cire shirye-shiryen Discovery da suka riga suka biya kuɗinsu, sai da jama'a suka yi ca sannan aka sabunta yarjejeniya aka fasa. A shekarar 2024 jihar California ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni su bayyana wa mutum a fili in abin da yake biya izini ne da za a iya janyewa. Tambayar da faifai ya ta da ita ce dai har yanzu: me mutum ya mallaka bayan ya biya?

Nijeriya ta miƙa takardun amincewarta da yarjejeniyar Janiba a shekarar 2017, sannan a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Sabuwar dokar ta hana buɗe kullen da aka sa wa aikin fasaha, ta kuma hana cinikin kayan buɗe shi. Har ila yau ta ci gaba da lissafa amfanin kai a cikin abubuwan da aka yi wa rangwame matuƙar an yi su bisa adalci, ta kuma riƙe tanadin haraji a kan kayan da ake kwafi da su. Wato dai duk sassan da suka yi karo da juna a Faransa da Birtaniya suna nan a cikinta. Yadda za su zauna tare ya dogara ga ƙa'idojin da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya za ta shimfiɗa da kuma fassarar kotuna, kuma gara a daidaita su tun kafin rigima ta taso.

Abu na farko da ya kamata hukumar ta yi shi ne ta fayyace, cikin harshen da kowa zai fahimta, cewa wanda ya sayi faifan asali yana da damar yin kwafin ajiya don kansa da iyalinsa, ko ya mai da shi kan wata na'ura tasa, bisa sharaɗin ba zai sayar ba, ba zai ba da haya ba, ba zai raba wa jama'a ba, kuma in ya sayar da na asalin to kwafin ba nasa ba ne kuma. Wannan iyaka a fili take, kuma tana raba magidanci da mai shagon turi ba tare da wani ruɗani ba. Faifan haya da na aro ba su shiga ciki, wanda hakan ya amsa babbar damuwar kamfanoni.

Na biyu, duk hajar da aka sa wa kulle, faifai ce ko fim ɗin da ake saye ta intanet, wajibi ne a rubuta a jikinta abin da mai saye zai iya yi da wanda ba zai iya ba, tun kafin ya ba da kuɗinsa. Wannan aiki ne da ya dace da hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu sayen kaya. Kamfanin da ya zaɓi ya hana kwafi kuma, sai ya ɗauki nauyin musanya faifan da ya lalace a kan kuɗin roba kawai.

Na uku, in za a karɓi haraji a kan faya-fayai da katunan ajiya da na'urori, to a bayyana nawa aka tara, su wa aka ba, kuma bisa wane ma'auni. Masu shigo da waɗannan kaya su ne za su fara biya, su kuma ɗora wa mai saye, saboda haka suna da haƙƙin ganin lissafi. Ba daidai ba ne a karɓi kuɗin kwafi a hannun mutum sannan a hana shi kwafin.

Na huɗu, a mai da ƙarfin hukuma inda ɓarnar take. Tun a shekarar 2006 aka kafa ƙa'idojin sa ido a kan masana'antun buga faifai. Irin wannan sa ido, tare da bin sawun manyan dillalan jabu da shafukan intanet masu raba fina-finai ba da izini ba, da kuma shigar da masu tura fina-finai cikin tsarin lasisi inda za su riƙa biyan masu fim, shi ne zai dawo wa mai jari da kuɗinsa. Su ma masu shirya fina-finai akwai nasu aikin, wato adana ainihin kwafin kowane fim a wuri fiye da ɗaya, da kai guda ga ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos.

Masu iya magana kan ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Kamfanonin Hollywood sun shafe shekaru suna shari'a da masu sayen kayansu da ƙananan kamfanonin da suka nemi yi wa waɗannan masu saye hidima, ɓarayin kuwa suna ta cin kasuwarsu. Bai kamata 'yan kasuwar Nijeriya da hukumominta su maimaita wannan kuskure ba. Mutumin da ya tsallake faifan jabu mai araha ya sayi na asali shi ne jarin wannan sana'a, kuma mafi ƙarancin abin da za a saka masa da shi shi ne a bar shi ya adana abin da ya biya.